Waiwaye: Yadda ɗalibin tarihi da adabi a Amurka ya rasa mai nuna masa hanya

Fiye da shekara goma ke nan ana ja-in-ja a Amurka kan ko digirin tarihi, adabi, falsafa ko harsuna ya cancanci kuɗin da ake kashewa a kansa. Bashin karatu da ke wuyan Amurkawa ya haura dala tiriliyan 1.6. Masu kammala digiri a tarihi sun ragu da kusan 30 cikin 100 tsakanin 2008 da 2017, wasu jami'o'in kuma sun rufe sassan harsuna baki ɗaya. Yawancin masu sharhi suna fara labarin ne daga durƙushewar tattalin arziki ta 2008, kamar a ranar abin ya faɗo daga sama. Ni kuwa ina ganin tushen ya fi haka nisa, kuma yana tattare da wani ma'aikaci da ba a cika ambata ba a wannan muhawara: mashawarcin karatu, mutumin da ɗalibi ke zama gabansa kafin ya zaɓi kwasa-kwasan da zai ɗauka.

Farkon labarin sananne ne. Lokacin da aka kafa Harvard a 1636, da ƙarni biyu bayan haka, babu abin zaɓa. Kowa Latin, Girkanci, lissafi da falsafa yake karantawa, malamai kuma suna tsaye a matsayin iyaye. A 1841 Kwalejin Kenyon da ke Ohio ta fara haɗa kowane ɗalibi da malami guda da zai zama abokin shawararsa. Charles Eliot ya karɓi shugabancin Harvard a 1869 ya buɗe ƙofar zaɓin darussa, Jami'ar Johns Hopkins da aka buɗe a 1876 ta tsara malamai masu ba da shawara, sauran suka bi sahu. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, dokar tallafin tsoffin sojoji ta 1944 ta kai mutum sama da miliyan 2 manyan makarantu. Duk wannan an sha faɗa.

Shekarun da ba a cika tsayawa a kansu ba su ne tsakanin 1969 da 1979, kuma a ganina can ne aka ɗaura igiyar da ake ta ƙoƙarin kwancewa yau.

Abubuwa da dama ne suka haɗu a lokaci guda. Ɗaliban manyan makarantu ba su kai miliyan 4 ba a 1960, amma zuwa 1970 sun haura miliyan 8, kuma da yawansu su ne na farko a gidajensu da suka taka ƙofar jami'a. Babu uba ko yaya da zai ce musu ga abin da ake yi. A daidai lokacin ne kuma jami'o'i suka sassauta darussan dole. Jami'ar Brown ta fito da buɗaɗɗen tsarinta a 1969, inda ɗalibi ke shata yawancin karatunsa da kansa, wasu da dama suka rage wajibai ko da ba su kai nan ba. Sannan matsayin makaranta na uwa da uba ya kau. Kotuna sun fara kare haƙƙin ɗalibi tun farkon shekarun 1960, an mayar da shekarun zaɓe 18 a 1971, dokar sirrin bayanan ɗalibai ta 1974 kuma ta mayar da iko kan takardun ɗalibin jami'a hannunsa. Yaro ɗan shekara goma sha takwas ya zama baligi a idon doka, an miƙa masa kundin kwasa-kwasai mai ɗaruruwan shafuka, an ce ya zaɓa.

Ba na cewa wannan 'yanci kuskure ne. Abin da ya dame ni shi ne an faɗaɗa zaɓi a daidai lokacin da malamin da ya kamata ya zauna da ɗalibi yake ja da baya. Ƙarin girma a manyan jami'o'i ya koma kan bincike da wallafa. Farfesan da ya ɓatar da yammacinsa yana sauraron ɗalibar da ta rasa ko falsafa za ta yi ko tattalin arziki, ba ya ganin ladar wannan zama a takardar ƙarin girmansa. Ba mugunta ba ce, kowa inda ake auna shi yake zuba ƙarfinsa. Sai shawara ta koma sa hannu a fom ranar rajista.

A 1972 malamai biyu suka hango matsalar, kowa da maƙalarsa. Burns Crookston na Jami'ar Connecticut ya bambanta shawara iri biyu. Akwai irin ta likita da majiyyaci, a rubuta maka magani ka tafi, idan bai yi aiki ba laifin likita ne. Akwai kuma wadda ya ɗauka a matsayin koyarwa, inda ɗalibi da mashawarci suke raba nauyin tunani, har ɗalibin ya iya yanke hukunci da kansa. Terry O'Banion, wanda hankalinsa ke kan kwalejojin shekara biyu, ya jera matakai biyar. A fara da tambayar abin da mutum ke so ya yi da rayuwarsa, sannan irin sana'ar da yake hange, sannan fannin da zai karanta, sannan kwasa-kwasan, a ƙarshe a tsara jadawali. Jerin shi ne muhimmin abu. Jadawali ne na biyar.

An karɓi wannan tunani hannu bibbiyu. An yi taron ƙasa na farko kan shawarar karatu a Burlington ta jihar Vermont a 1977, aka kafa ƙungiyar mashawartan karatu ta NACADA a 1979, wadda daga baya ofishinta ya zauna a Jami'ar Jihar Kansas. Aikin ya zama sana'a mai zaman kanta, da horo da mujalla da matakan girma, har aka samu muƙamin babban mashawarci. Ci gaba ne na gaske. Amma a cikin wannan nasara aka yi wata rabuwa da ba a lura da ita ba: wanda ya san fannin yana aji, wanda ya san ɗalibin yana wani ofishi dabam. Da yawan ɗalibai ya rinjayi yawan mashawarta kuma, sai jerin O'Banion ya juya. Ana farawa da na biyar, domin shi ne mai wa'adi, lokaci ya ƙare kafin a kai ga na farko. Binciken da ƙungiyar ta yi a 2011 ya nuna matsakaicin nauyin mashawarci guda ya kusa ɗalibai 300, a makarantu masu ɗimbin ɗalibai kuma ya fi haka nesa.

Wannan juyin bai taɓa kowa daidai ba. Ɗalibin injiniya ko aikin jinya hanyarsa a shimfiɗe take, kwas kaza sai kwas kaza, a ƙarshe ga sunan aiki yana jira. Ko ba a yi masa tambaya ta farko da ta biyu ba, tsarin ya amsa masa. Ɗalibin tarihi ko adabi kuwa karatunsa gaba ɗaya a kan zaɓi aka gina shi, kuma babu aikin da aka rubuta a goshin digirinsa. Yana buƙatar wanda zai nuna masa cewa iya karanta takardu masu karo da juna, a fitar da hujja a rubuta ta sarai, abu ne da lauya da ɗan jarida da jami'in gwamnati ke ci da shi. Idan babu mai faɗa masa, sai tsoro ya faɗa masa akasin haka. Shi ya sa faɗuwar ba a 2008 ta fara ba. A kusan 1971 adabin Ingilishi kaɗai yana da wajen 7 cikin 100 na digirin farko, cikin shekara goma kason ya zube sosai, fannin kasuwanci ya hau. Kasuwar aiki ta shekarun 1970 tana da nata hannu, babu musu. Sai dai ɗalibin da ya shiga ruɗani a lokacin bai tarar da mai zama da shi ba.

Mu ma abin bai yi mana nisa ba. Tsarin kwasa-kwasai masu maki da jami'o'in Najeriya ke bi daga Amurka ya samo asali, Jami'ar Nsukka kuma tun buɗe ta a 1960 tare da Jami'ar Jihar Michigan ta shigo da darussan gama-gari. Duk wanda ya bi layin kodinetan aji a makon rajista ya san yadda ganawar ke ƙarewa a kan sa hannu.

A yau a Amurka, babban mashawarci a tsangayar adabi da zamantakewa shi ke karɓar abin da ya gagari sauran: ɗalibin da makinsa ya faɗi har aka ba shi gargaɗi, wanda ya sauyo makaranta aka ƙi lissafa masa wasu kwasa-kwasansa, wadda ta bar karatu shekaru ta dawo da 'ya'ya. Shi ke horar da sababbi, shi ke kai kuka wurin shugaban tsangaya idan wata ƙa'ida na tare ɗalibai. Kusan ɗalibi ɗaya cikin uku yana sauya fanni a shekaru ukun farko, kuma kowane sauyi da aka yi a makare zango ne na ƙari da bashi na ƙari.

Sabon maganin da ake yayi shi ne kwamfuta. Jami'ar Jihar Jojiya da ke Atlanta ta fara a 2012 da wata manhaja da ke bibiyar alamomi kusan 800 na ɗalibin da ke shirin tuntuɓe, sakamakonta ya inganta, ana ta kafa misali da ita. Abin da masu kwaikwayo kan tsallake shi ne jami'ar ta ɗauki sababbin mashawarta 42 a lokaci guda, domin a samu mai kiran ɗalibin ya zauna da shi idan alamar ta fito. Sayen manhaja abu ne na shekara guda, albashin mutum arba'in kuwa na kowace shekara ne, kuma a wannan layin na kasafin kuɗi ne yawancin makarantu ke tsayawa.