Kamashon sayar da kayan kwalliya: nawa ke shiga jaka, nawa ke komawa kamfani?

Galibi ta WhatsApp gayyatar take zuwa, daga ƙawa ko 'yar uwa: "Hajiya, ga wani kasuwanci na samo mana, kina zaune a ɗakinki kuɗi na shigowa." Sai hotunan turare da jan baki da man shafawa su biyo baya, da hoton wata an miƙa mata makullin mota. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda mata suka fi yi idan irin wannan saƙo ya same su, kuma sun cancanci amsa da lissafi a cikinta.

Wai mene ne wannan wakilcin, kuma me ya raba shi da buɗe shago?

Kamfani ne yake tsallake shago, ya miƙa kayansa hannun mutane ɗaiɗaiku su kai wa masu saye har gida, ko ofis, ko wajen biki. Kina yin rajista, a ba ki lamba da littafin farashi, ki riƙa karɓar oda. Babu haya, babu yaron shago. Amma ki sani tun farko cewa ke ba ma'aikaciyar kamfanin ba ce. Ba albashi, ba fansho, ba kuɗin mota. Watan da ba ki sayar ba, ba ki da ko sisi.

Wannan ba sabon salon Turawa ba ne?

Mu ai mun daɗe da shi, suna ne kawai ya bambanta. Dillaliya da ke ɗaukar ƙullin atamfa da kwalli da turaren wuta tana shiga gidajen matan kulle, ta sayar, mai kaya ta cire mata la'ada, aikin da wakiliyar kamfani take yi kenan. Ba cinya ba, ƙafar baya.

A Amurka ma daga ƙofa zuwa ƙofa abin ya faro. David McConnell littattafai yake tallatawa gida-gida, yana haɗawa da ɗan turare kyauta don matan gida su saurare shi. Da ya ga turaren ya fi littafin farin jini, a 1886 ya kafa kamfanin turare, wanda daga baya ya koma Avon, ya ɗauki mata su sayar wa mata 'yan uwansu. Madam C.J. Walker, baƙar fata wadda iyayenta suka yi bauta, ta gina dukiyarta da man gashi, ta horar da dubban mata baƙaƙe suna yawo da kayanta kafin rasuwarta a 1919. Mary Kay Ash ta buɗe nata a Dallas a 1963 da jarin dala 5,000, kuma kamfaninta ne ya shahara da kyautar mota Cadillac ruwan hoda ga manyan wakilai. Oriflame, wanda matan Najeriya da yawa suka san sunansa, a Suwidin aka kafa shi a 1967.

Abin da duk suka gano ɗaya ne da abin da dillaliya ta sani: mace ta fi yarda da turaren da ta ji ƙamshinsa a jikin ƙawarta fiye da wanda ta gani a allon talla.

Ta ina kamashon yake fitowa?

Kuɗin da ya fi tabbas shi ne ratar da ke tsakanin farashin da kamfani ya ba ki da wanda ke rubuce a littafi. Ratar ta danganta da kamfani da kuma matakinki. Mary Kay a Amurka, alal misali, an san shi da bai wa wakilai kaya a rabin farashi, wasu kuwa ragin nasu bai kai kusa da haka ba. A gaskiya wannan ba ma kamasho ba ne, sari ne: da kuɗinki kika sayi kayan, kuma in ya kwanta a kanki ya kwanta.

Ki kula da yadda ake faɗin kason. In kin sayi mai a naira 7,500 kika sayar a 10,000, ribarki 2,500. Wannan kashi 25 ne cikin ɗari na kuɗin da kwastoma ta biya, amma kashi 33 ne na abin da kika zuba. Mai gayyatarki za ta ce 33, kuma ba ƙarya ta yi ba. Ke dai ki tambaye ta: kashi nawa na wane kuɗin?

Bayan wannan akwai ladan maki. Kowane kaya yana da maki, in kin tara adadi kaza a wata a ƙara miki wani abu. Sannan akwai kason da ake ba ki daga sayayyar waɗanda kika shigo da su. Wannan na ƙarshen shi ne aka fi zuzutawa a taro, kuma a nan ne ramin yake.

To in na dage, nawa zan iya samu a wata?

Bari mu ɗauki misali, mu bi shi a hankali. A ce kin sayar da kaya 20 na naira 10,000, ciniki ya kama 200,000, ragin kamfani kashi 25. A takarda kin ci 50,000. Yanzu ki fara cirewa. Kuɗin kawo kaya daga ofishin kamfani zuwa garinku, da na adaidaita zuwa gidajen kwastomomi, a ce 10,000. Data da katin waya, 5,000. Turare ɗaya da kika buɗe don mutane su shinshina, 7,500, domin ba wadda za ta sayi ƙamshin da ba ta ji ba. Sai ragi. A ƙasar Hausa ba a ciniki babu tayi, kuma Anti ko Yaya ba za ta biya farashin littafi cif ba, in kin sauke wa mutum 10 naira 500 kowacce, 5,000 ta tafi. Saura 22,500.

Ba mu zo kan bashi ba tukuna. In mutum ɗaya tal ta karɓi kaya ta ce sai albashin maigida ya shigo, daga nan ta daina ɗaga wayarki, 10,000 ta fita daga lissafin, saura 12,500. Uwar kuɗin da ta tafi da ita, wato 7,500, ribar kaya uku ce cur. Ana cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma a wannan sana'a shi ne ya fi kashe jari, domin kwastomominki na farko danginki ne da ƙawayenki, waɗanda kunya ba za ta bar ki ki matsa musu ba. Dabarar da ta fi tsare mutum ita ce a karɓi rabin kuɗi kafin a yi oda, ko a haɗa mata biyar zuwa goma su yi adashin kayan kwalliya, kowane wata ɗaya ta kwashi nata.

Ba don in karya miki gwiwa na kawo lissafin nan ba. Naira 12,500 ko 22,500 da mace ta samu da guminta ba abin rainawa ba ne, kuma wadda ta tara kwastomomi masu dawowa duk wata biyu in mansu ya ƙare tana iya ninka wannan. Lokacin sallah da haɗa lefe ciniki yakan buɗe sosai. Abin da nake so shi ne ki shiga da wannan lissafi a hannu, ba da hoton motar ba. Ki kuma tuna yawancin kayan daga waje ake shigo da su. Bayan an saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 1,400 a farkon 2024, farashin littafi ya bi ta, aljihun kwastoma kuwa bai bi ba.

An ce mini babban kuɗin yana cikin shigo da mutane, ba sayarwa ba. Haka ne?

In aka faɗa miki haka ƙarara, an gaya miki abin da ya kamata ya sa ki ja da baya. Tsarin da ake kira kasuwancin netwok yana biyan na sama daga sayayyar na ƙasa. In na ƙasan suna sayar wa mutanen da ke shafa man da gaske, babu laifi, uwar ɗaki ta ci ladan horar da yaranta. Matsalar tana farawa ne idan kamfani ya ce sai kin sayi kayan maki kaza duk wata kafin a biya ki ladanki. Ƙarshen wata ya zo, makinki bai cika ba, wadda ta shigo da ke tana ta kira don ita ma nata matakin a kanki ya rataya, sai ki ciro kuɗin cefane ki cike. Na taɓa shiga ɗakin wata 'yar uwata na tarar da kwalaye jibge a bayan gado, sabulai da mayuka, wasu wa'adinsu ya wuce. A takardar kamfanin tana cikin masu ƙoƙari. A zahiri ita ce babbar kwastomar kanta. Abin ya daɗe yana damuna, domin mace ce mai himma, kuma himmar tata aka yi amfani da ita.

Lissafin shigo da mutane ma ba ya ɗorewa. In kowa zai kawo mutum 5, su ma kowanne ya kawo 5, hawa na 12 kaɗai yana buƙatar mutum sama da miliyan 244, wato ya kai yawan al'ummar Najeriya gaba ɗaya, har jarirai. Dole mafi yawan masu shiga su kasance a ƙasa, ba kowa a ƙarƙashinsu.

Hukumomi sun daɗe suna fama da iyakar da ke tsakanin ciniki na gaske da tsarin shigo da mutane. A 1979 hukumar kula da cinikayya ta Amurka ta yanke cewa kamfanin Amway ba tsarin piramid ba ne, wato wanda kuɗin sabbin shiga ke riƙe da shi, bisa wasu ƙa'idoji da kamfanin ya ce yana bi: wakili ya sayar da kashi 70 na hajarsa kafin a biya shi lada, ya sayar wa kwastomomi 10 a wata, kuma kamfani ya karɓi kayan da suka kwanta. A 2016 hukumar ta sa Herbalife ya biya dala miliyan 200, ya kuma sake tsari yadda lada zai dogara ga cinikin da aka tabbatar. Sin kuwa haramta sana'ar ta yi ɗungurungum a 1998, sai bayan shekaru ta sake buɗe ƙofa da sharuɗɗa masu tsauri. Mu da muka ga yadda MMM ya rufe da kuɗin jama'a a Disambar 2016 mun san ƙarshen tsarin da kuɗin sabbin shiga ne kawai ke riƙe da shi. Kwalbar turare a saman tsarin ba ta canza shi.

Gwaji mai sauƙi: da babu zancen lada ko mota, akwai wadda za ta sayi wannan man a wannan farashi, alhali ga irinsa a kasuwar Sabon Gari? In akwai, kina da haja.

Kuɗin halal ne?

La'adar dillanci malamai sun halatta ta tun da. Imam Bukhari ya ware babi kan ladan dillali, ya kawo cewa Ibn Abbas bai ga laifi ba mutum ya ce sayar da wannan tufa, abin da ya ƙaru a kan kaza naka ne. Don haka ribar abin da kika sayar da hannunki ba ta da ƙura. Inda aka yi magana shi ne tsarin hawa-hawa. Kwamitin fatawa na dindindin na Saudiyya ya haramta irinsa a 2004, da hujjar cewa kamashon ake nufi ba kayan ba, kuma akwai garari, wato ciniki cikin rashin tabbas, da cin dukiyar mutane da ɓarna. Wasu malaman suna duba kowane kamfani da sharuɗɗansa. Ki ɗauki takardar tsarin biyan kamfanin ki kai wa malamin da ya san fiƙihun ciniki, kada ki tsaya a bayanin baki na mai gayyata.

Me zan duba a jikin kayan kafin in kai wa mutane?

Lambar NAFDAC da ranar ƙarewar wa'adi. Hukumar, wadda aka kafa a 1993, kayan kwalliya ma suna ƙarƙashinta, ba magani da abinci kaɗai ba. Ta hana sinadarin makuri a man shafawa, ta kuma hana sinadarin bilicin haidurokwinon da ya wuce kashi 2 cikin ɗari, kuma a 2023 ta ayyana dokar ta-ɓaci kan mayukan bilicin. Makuri yana lalata ƙoda, mayukan da aka cusa wa sitiroyid kuma suna sa fata ta yi siriri har ciwo ya ƙi warkewa.

A nan ne jarabawar wakiliya take, domin "mai sa haske" shi ne ya fi tafiya, musamman wajen amare. Kada ki yi alkawarin abin da ba a rubuta a kwalba ba, kada ki ce man yana maganin ƙyasbi ko nanƙarwa don ciniki ya faɗa, kuma kada ki juye kaya a wata roba ki haɗa da wani. Wadda fuskarta ta ƙone ba ta san ofishin kamfani ba, gidanki ta sani.

In na gwada na ga ba zan iya ba, ya zan fita?

Wannan tambayar kafin biyan kuɗin rajista ake yin ta. Ki nemi a nuna miki a rubuce ko kamfanin yana karɓar kayan da ba a buɗe ba, cikin wata nawa, kuma kashi nawa yake mayarwa. Ƙungiyar kamfanonin wannan sana'a ta Amurka ta wajabta wa mambobinta su mayar da aƙalla kashi 90 na kuɗin kayan da aka saya cikin wata 12, sai ki auna amsar da aka ba ki da wannan. Ki tambaya ko lambarki tana mutuwa in kin yi wata biyu ba oda, da ko akwai kuɗin sabuntawa duk shekara.

In kuma kin riga kin shiga, kaya sun taru, ki dakatar da oda yau, ko da makin watan zai zube. Ki jera hajar bisa ranar wa'adi, ki fara fitar da waɗanda suka kusa, ko da a farashin da kika saya ne. Masu haɗa lefe da masu shagon gyaran amare sukan kwashi turare da hoda da yawa lokaci ɗaya in farashin ya yi musu, su za ki fara kira.