Shata layin tsakiya a bakin wuƙa kafin gurza

Shata layin tsakiya mataki ne a sana'ar ƙera wuƙa, inda maƙeri ke zana siririn layi ɗaya ko biyu a kan kaurin ƙarfen, ta gefen da zai zama kaifi, tun kafin ya fara gurzar fuskokin ruwan wuƙar. Layin shi ne iyakar da gurza za ta tsaya daga dama da hagu. Aikin 'yan mintoci ne, amma shi ke bambanta wuƙar da ke yanka a miƙe da wadda ke zamewa gefe guda duk lokacin da aka danna ta a kan albasa ko nama.

Inda aka fi yin sa

Hanyoyin fitar da wuƙa daga ƙarfe biyu ne. Akwai ƙira ta wuta da masaba, irin wadda maƙeran ƙasar Hausa ke yi da tsohon sifirin mota, inda duka ne ke sirantar da baki, ido kuma ke auna daidaito. Akwai kuma hanyar gurza, wadda ake sayen shimfiɗaɗɗen ƙarfe mai kauri ɗaya, a yanka siffar wuƙa, sannan a cinye abin da ba a so da magagari ko da inji. Hanya ta biyun ta bunƙasa a Amurka a ƙarni na 20, kuma Bob Loveless, wanda aka haifa a 1929 ya rasu a 2010, yana cikin waɗanda suka fi yin suna da ita. A nan ne layin tsakiya ya zama wajibi, domin injin da masu wannan sana'a suka fi amfani da shi, mai bel ɗin samfefa na faɗin inci 2 da tsawon inci 72, yana cin ƙarfe da saurin da ido kaɗai ba ya iya bi.

Dalilin yin layi biyu

Mai koyo yakan ɗauka layi ɗaya ya isa, a gurza daga kowane ɓangare har a haɗu a kansa. Ba haka ƙwararru ke yi ba. Bayan gurzar farko sai an gasa ruwan wuƙar ya yi ja, zafin ya haura digiri 800 a ma'aunin Salshiyos ga nau'o'in ƙarfen wuƙa irin su masu lamba 1084 da 1095, sannan a tsoma shi cikin mai domin ya yi tauri. Bakin da aka riga aka sirantar kamar reza ba ya jure wannan. Yana rigan sauran jikin ɗaukar zafi, yana rigan sa hucewa, sai ya lanƙwashe kamar gefen ganye ko ya tsage. Ban da haka, wuta tana cinye sinadarin kabon da ke fatar ƙarfen, ta bar wani siririn ɓawo mai laushi wanda dole a gurje daga baya.

Saboda haka ake shata layi biyu a jere, a bar tazarar rabin milimita zuwa milimita ɗaya a tsakaninsu. Wannan 'yar tazara ita ce naman da ake ajiye wa wuta. Sai bayan ƙarfe ya yi tauri ake cinye ta a fitar da kaifi na gaskiya.

Yadda ake shatawa

Da farko ƙarfen ya kwanta sosai. Idan yana da ɗan lanƙwasa, ko baƙin ɓawon masana'anta bai fita daga fuskarsa ba, layin zai bi karkatar, kuma duk awon da aka yi ya tashi a banza. Sannan a shafa wa kaurin bakin launi. Akwai shuɗin ruwa na musamman da masu aikin injin ƙarfe ke amfani da shi, wanda aka fi sani da sunan Dykem, amma baƙar maka ta rubutu ma tana biyan buƙata. Amfanin launin shi ne karcen ya fito fari tas a cikin duhu.

Hanyar da ta fi armashi, kuma ta fi sauƙin samu ga mai ƙaramin shago, ita ce ta bakin injin huda ƙarfe. Tsininsa yana daidai tsakiyar kaurinsa, don haka idan aka kwantar da shi a kan gilashi ko dutse mai santsi, tsinin yana tsaye a rabin kaurin daga ƙasa. A ce ƙarfen wuƙa milimita 4 ne. Sai a ɗauko bakin huda mai milimita 3.5, a danne shi da yatsa kada ya mirgina, a kwantar da wuƙar kusa da shi, a ja bakinta a kan tsinin tun daga gindin ƙota har tsinin wuƙa. Layi zai fito a milimita 1.75 daga fuskar da ke ƙasa. A juya wuƙar a sake ja. Yanzu layi biyu ne, tazararsu rabin milimita, kuma tsakiyar ƙarfe tana tsakaninsu daidai.

Juyawar nan ita ce hikimar aikin baki ɗaya. Ko da awon bai cika daidai ba, kuskuren da aka yi daga fuska ɗaya shi za a maimaita daga ɗayar, tsakiya kuwa ba ta gusawa.

Manyan shaguna suna amfani da ma'aunin tsayi mai allurar kabayid, wani abu mai tsananin tauri, a kan shimfiɗar dutsen giranit. Wasu kuma suna saita kalifa, wato ma'aunin kauri mai haƙora biyu, su jingina haƙori ɗaya a fuskar ƙarfe, su karce da ɗayan. Yana aiki, sai dai yana dakusar da kayan awo mai tsada, abin da bai kamata a saba da shi ba.

Bayan shatawa

Kafin a shiga gurza sosai, akan fara karya kusurwar bakin a kan digiri 45 da tsohon bel, a matso kusa da layin. Kusurwa mai kaifi tana kankare yashin sabon bel nan take. Daga nan sai a riƙa gurza ana ɗaga gangaren zuwa bayan wuƙa, ana yi ana tsoma ƙarfen a ruwa, ana duban bakin ta sama a ga ko wani ɓangare ya riga ɗan'uwansa isa layi. Wurin da aka fi kuskure shi ne kusa da tsini, inda baki ke lanƙwasawa kuma ƙarfe ke saurin cinyewa.

Wuƙar da aka ƙera da wuta tana da nata sha'anin, domin kaurinta yakan ragu daga ƙota zuwa tsini, ba ta kwanciya daidai a kan tebur. Akan fara daidaita wurin da ke gaban ƙota, a mayar da shi ma'auni. Wuƙaƙen Japan na gargajiya irin su yanagiba da deba kuwa, fuska ɗaya ake gangarar musu, ɗaya fuskar a bar ta da ɗan rami, don haka kaifinsu a gefe yake zaune da gangan.