Idan kamfani ya rufe, fansho ya tafi ke nan?

An daɗe ana cewa idan kamfani ya durƙushe, fanshon ma'aikata ya bi ruwa. Tsoron yana da dalili, amma ba koyaushe haka abin yake ba.

A tsarin fansho na karo-karo, abin da ake cirewa daga albashi yana shiga asusu mai sunan ma'aikacin, a hannun masu kula da fansho, ba a lalitar kamfanin ba. Inda gizo ke saƙar shi ne kuɗin da aka cire amma ba a tura ba. Wannan ya zama bashi, sai an bi kadinsa.

Ku nemi bayanin asusunku, ku gwada da takardun albashi wata bayan wata. Don Allah a tura wa abokan aiki wannan bayani.