Wasan Poka: Me Ya Sa Kaɗan Ke Ci, Mafi Yawa Ke Tashi Hannu Rabbana?

Wanda ya taɓa kallon gasar poka ta birnin Las Vegas a talabijin zai ɗauka wasan zare ido ne da burga: mutum ya sa baƙin tabarau, ya tura tulin kuɗi tsakiya, abokin karawarsa ya tsorata. Wannan shi ake nunawa domin shi ke da daɗin kallo. Abin da ke kawo riba kuwa ba shi da armashi ko kaɗan. Ga tambayoyin da aka fi yi a kansa.

Da farko, yaya ake yin wasan?

Nau'in da ya fi shahara shi ne Texas Hold'em, da karta 52. Ana ba kowa karta biyu a rufe. Sai a buɗe biyar a tsakiyar tebur waɗanda na kowa ne: uku a tashi ɗaya, sannan ɗaya, sannan ta ƙarshe. Kafin buɗewar farko da bayan kowace buɗewa akwai zagayen zuba kuɗi, inda za ka iya bi, ko ka ƙara, ko ka ajiye kartarka ka janye. Wanda ya haɗa biyar mafi ƙarfi daga cikin bakwai ɗin nan shi ke kwashe kuɗin tsakiya, sai dai in kowa ya janye ya bar mutum ɗaya, to shi ya ci ko da kartarsa ba ta da komai. Mutum biyu kuma a kowane rabo suna zuba kuɗin dole tun kafin su ga karta, ƙarami da babba, domin a samu abin da za a yi takara a kai.

To wannan ba caca ba ce?

Caca ce, in dai da kuɗi ake yi. Kasancewar akwai ƙwarewa a ciki bai fitar da ita daga wannan suna ba, kuma hukuncinta a Musulunci a fili yake cikin aya ta 90 ta Suratul Ma'ida. Ba zan yi wa kowa kwana-kwana a nan ba. Akwai masu yin wasan da ƙwayoyin roba ba tare da ko sisi ba, akwai kuma masana lissafi da suka yi nazarinsa tun zamanin John von Neumann domin fahimtar yadda ake yanke shawara alhali ba ka san abin da ke hannun ɗan'uwanka ba. Bayanin da ke tafe ya shafi yadda ƙwararru a Amurka da Turai ke tunani, kuma mai karatu zai ga cewa lissafin da kansa ya isa ya sanyaya wa mai kwaɗayi gwiwa.

Wane kuskure ne ya fi cinye kuɗin sabon shiga?

Shiga kowane rabo. Mutum ya zauna, ya gaji da jira, sai ya ce bari dai ya ga karta ukun farko ko Allah zai sa a dace. Karta biyun farko suna iya zuwa ta hanyoyi 1,326, waɗanda in aka tattara su gida-gida suka koma iri 169, kuma mafi yawansu shara ne. As biyu (As ita ce karta mafi girma), wato hannu mafi ƙarfi, sau ɗaya yake zuwa cikin rabo 221. Shi ya sa za ka ga ƙwararre yana wasa da kusan hannu ɗaya cikin biyar, sauran huɗun yana ajiyewa ba tare da ya ji komai a ransa ba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Idan kuma ya tashi shiga, da ƙari yake shiga, ba ya lallaɓowa ya bi kawai. Dalili shi ne mai ƙari yana da ƙofa biyu ta ci: ko kartarsa ta fi, ko a janye a bar masa. Mai bi ƙofa ɗaya gare shi.

Me ya sa ake yawan maganar kujera?

Domin wanda ke magana a ƙarshe ya riga ya ga abin da kowa ya yi. Kujerar mai rabo, wadda ake sa wa alama tana zagaya teburin, ita ce ta ƙarshe a duk zagayen da ke bayan buɗe karta. Kamar ciniki ne a kasuwar shanu: wanda ya bari kowa ya yi tayinsa kafin ya buɗe baki ya fi wanda ya fara furta farashi sanin inda aka dosa. Saboda haka hannun da za ka jefar in kana farkon layi, kamar sarki da tara, yana iya zama abin wasa in kana ƙarshe kuma kowa ya janye kafin a zo kanka.

Wane lissafi ne ba makawa sai an iya shi?

A nan ya kamata a zauna sosai, domin a nan ake rabuwa. Abu biyu ne: yawan kartar da za ta cece ka, da farashin da ake neman ka biya.

Mu ɗauka kana da karta huɗu masu alama iri ɗaya, biyu a hannunka biyu a tebur, kana jiran ta biyar, domin biyar masu alama iri ɗaya hannu ne mai ƙarfi. Kowace alama karta 13 ce, ka ga huɗu, saura tara. Idan karta ɗaya ta rage a buɗe, ka ninka taran nan sau biyu, ka samu kusan kashi 18 cikin 100. Ainihin adadin 19.6 ne, wato 9 cikin karta 46 da ba ka gani ba. Idan biyu suka rage, ka ninka sau huɗu, 36, ainihinsa kusan 35. Wannan ninkin na biyu da huɗu ba ya ba da amsa daidai wa daida, amma ya isa a teburin da ba ka da lokacin ɗauko biro. Sai dai a kula: ninki huɗu yana aiki ne kawai in ba za a sake neman ka biya ba kafin karta ta ƙarshe. Nan ne mutane da yawa ke yaudarar kansu.

Yanzu farashi. Akwai dala 100 a tsakiya, abokin karawarka ya zuba 50, saura karta ɗaya. Za ka biya 50 domin jimillar da za ta kai 200. Kenan kana bukatar ka ci sau ɗaya cikin huɗu, kashi 25, kafin ka tashi ba riba ba faɗuwa. Damarka ba ta kai 20 ba. Ka ajiye. Da 20 ya zuba maimakon 50, sai ka biya 20 domin 140, kashi 14 kawai ake nema, to sai ka bi. Kartar ba ta canza ba, farashin ne ya canza, kuma shi ke yanke hukunci.

Wani zai ce, to in na ajiye kuma kartar ta fito fa? Za ta fito mana, sau ɗaya cikin biyar. Wannan bai mai da ajiyewar kuskure ba. Wanda ya tsallaka titi ido rufe ya kuma kai lafiya ba dabara ya yi ba.

Burga fa? Ba ita ce zuciyar wasan ba?

Tana da muhimmanci, amma ba kamar yadda fim ke nunawa ba. Ita ma lissafi ce. Ka zuba 50 a kan 100 ba ka da komai, kana bukatar a janye sau ɗaya cikin uku kafin ka fita kunya. Ka zuba 100 a kan 100, sai an janye rabin lokaci. Tambayar ita ce, wannan mutumin da ke gabanka yana janyewa kuwa? A ƙananan tebura akwai masu bin duk abin da aka zuba don kawai su gani. Yi wa irinsu burga zubar da kuɗi ne. Abin da ake yi musu shi ne a jira hannu mai kyau a sa su biya da tsada.

Burgar da ta fi kyau ita ce wadda labarinta ya haɗu tun daga farkon rabon, kuma kana da wata karta da za ta iya cetonka in an bi. Mutane na tuna yadda Chris Moneymaker, wani akanta daga jihar Tennessee, ya yi wa ƙwararren ɗan wasa Sam Farha burga a gasar duniya ta 2003 har ya kai ga cin dala miliyan 2.5, bayan ya samu gurbin shiga ta wata ƙaramar gasar intanet da ba ta kai dala 100 ba. Mutum 839 suka shiga gasar a shekarar. Zuwa 2006 sun kai 8,773. Kowa ya ga akantan ya ce ni ma zan iya. Ba wanda ya ƙirga dubban da suka biya dala 10,000 kuɗin shiga suka koma gida.

Idan na iya duk wannan, riba ta tabbata kenan?

A'a, saboda abu biyu. Na farko kamasho. Gidan da ke shirya wasan yana yankar kasonsa daga kusan kowane tulin tsakiya, yawanci kashi 5 zuwa 10 cikin 100 har zuwa wata iyaka. In mutum tara masu ƙwarewa ɗaya suka zauna suka daɗe, dukkansu za su faɗi, gidan ne kaɗai zai ci. Kenan bai isa ka fi abokan zamanka ba, sai ka fi su da ratar da ta wuce kamasho. Wannan ya sa zaɓen tebur ya fi kowace dabara tasiri. Na goma a duniya in ya zauna da taran da suka fi shi, shi ne abincinsu.

Na biyu sa'a. As biyu a kan sarki biyu na cin kusan kashi 82 cikin 100, wato yana faɗuwa kusan sau ɗaya cikin biyar, kuma ba abin da ya hana faɗuwar ta zo sau uku a jere. A intanet, wanda ke cin ninki biyar na babban kuɗin dole a kowane rabo 100 ana ɗaukarsa gwani. A teburin da kuɗin dolensa dala 1 da 2 ne, dala 10 kenan a rabo ɗari. Riba siririya irin wannan tana iya ɓacewa cikin rashin sa'a na makonni.

Nawa ya kamata jari ya kai?

Shawarar da aka saba bayarwa ita ce ninki 20 zuwa 30 na kuɗin zama tebur ɗaya, masu shiga gasa kuma ninki 100 ko fiye, domin a gasa ana daɗewa ba a ci ba. Kuɗin ya zama a ware, ba na cefane ba, ba na haya ba, ba bashi ba. In jarin ya ragu, a sauka zuwa ƙaramin tebur. Girman kai ke hana mutane saukar nan.

Stu Ungar ya ci babbar gasar duniya sau uku, a 1980 da 1981 da 1997, kuma da yawa na ganin ba a yi mai kaifin basirarsa ba. A ta ƙarshen ya karɓi dala miliyan 1. A watan Nuwamban 1998 aka tsinci gawarsa a wani ƙaramin masauki a Las Vegas, yana da shekara 45, ba shi da abin kirki. Ba a teburin poka kuɗin ya fi tafiya ba. Cacar wasanni da ta dawaki da miyagun ƙwayoyi suka cinye.

Yaya ake yi da zuciya bayan an yi babbar faɗuwa?

A tashi. Wanda ya ce sai ya rama kafin ya bar kujera ya daina lissafi, ya koma shiga kowane rabo kamar sabon shiga, kuma duk teburin ya gane. Ƙwararru kan sa wa kansu iyaka tun kafin su zauna, misali in kuɗin zama uku suka tafi an gama na yau. Suna kuma rubuta kowane zama: awa nawa, nawa aka shiga da shi, nawa aka fita da shi. Ba don komai ba sai don ƙwaƙwalwa maƙaryaciya ce, tana riƙe daren da aka ci ta mance goman da aka sha kashi.

Kwamfuta ba ta kashe wasan ba?

Ta sauya shi. A Janairun 2017 wata manhaja mai suna Libratus, daga jami'ar Carnegie Mellon, ta kara da ƙwararru huɗu a Pittsburgh na tsawon kwana 20, rabo 120,000, ta doke su. A 2019 wata manhajar mai suna Pluribus ta yi irin haka a tebur mai mutum shida. Yanzu masu wasan gaske suna nazari da manhajojin da ke nuna zaɓi mafi daidai a kowane hali, don haka matsakaicin ɗan wasa na yau ya fi na 2003 wuyar kayarwa nesa ba kusa ba.

Akwai kuma haɗarin da bai shafi karta ba. Ranar 15 ga Afrilun 2011 hukumomin Amurka suka rufe manyan shafukan poka uku ga 'yan ƙasar. Daga baya ta bayyana cewa Full Tilt, ɗaya daga cikinsu, ba shi da kuɗin biyan 'yan wasansa ɗaruruwan miliyoyin dalolin da ke rubuce a asusunsu. Sai da PokerStars, shi ma ɗaya daga cikin ukun, ya saye shi a 2012 aka fara maganar biya, 'yan Amurka kuwa sai a 2014 kuɗinsu ya fara shigowa.