Nektayi: daga ina ya fito, kuma me ya sa faɗinsa ke canzawa?

Ranar Lahadi da daddare ƙanena ya shigo riƙe da wani jan ƙyalle da ya sayo a gwanjo a kasuwar Wunti. "Yaya, don Allah ɗaure mini, gobe zan kare aikin bincikena, an ce kowa ya zo da shi." Ina tsaye bayansa gaban madubi ina naɗawa, sai Inna ta leƙo ta ce, "Ni kam wannan igiya da kuke zarge wuya da ita, mene ne amfaninta?" Tambayarta tana kan hanya.

Nektayi, wasu su ce taye, dogon ƙyalle ne da ake zagayawa ƙarƙashin kwalar riga, a ƙulle shi a maƙogwaro, ya sauko bisa ƙirji. Sunan aro ne daga Turanci, ma'anarsa ɗaurin wuya. Ba ya maganin sanyi, ba ya rufe tsiraici. Aikinsa ɗaya ne: ya nuna cewa mai shi ya zo da shirin aiki ko na taro mai muhimmanci, kamar yadda dattijo ke kafa hula kafin ya je gaisuwa fada.

Asalinsa daga sojoji ne. A Yaƙin Shekara Talatin da aka yi a Turai daga 1618 zuwa 1648, sojojin haya 'yan Kuroshiya da ke wa Faransa aiki suna ɗaura ƙyalle a wuya. Abin ya burge mutanen Faris, fadar Sarki Louis na 14 ta ɗauka, har kalmar da Faransawa ke kiran nektayi da ita ta samo tushe daga sunan Kuroshiyawan. Yau ma ƙasar Kuroshiya na bikin tunawa da shi kowace ranar 18 ga Oktoba. Amma siffar da muka sani ta zauna ne a shekarun 1920, lokacin da wani mai ɗinki a New York, Jesse Langsdorf, ya fara yanka yadin a karkace, ya haɗa shi gida uku. Duk telan da ya san aikinsa zai gane hikimar: yadin da aka yanka a karkace yana miƙewa ya koma, ba ya murɗewa. Shi ya sa nektayi mai kyau ke kwanciya sumul, na banza kuwa ya riƙa juyawa kamar igiyar guga.

Daga nan yayi ya yi ta kai da komo, kuma kusan duk a kan faɗi ne. A shekarun 1940 masu faɗi da zane mai ɗaukar ido ake so. Zuwa ƙarshen shekarun 1950 da farkon 1960 sai ya tsuke ya zama siriri. A shekarun 1970 ya baje har ya kai inci 5, ku duba hotunan iyayenmu ma'aikatan gwamnati na wancan zamani, da ƙatuwar kwala da wando fantalo. Yanzu an fi tsayawa wajen inci 3. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: faɗin nektayi yana bin faɗin kwalar kwat, idan ɗaya ya motsa dole ɗayan ya bi.

Akwai kuma ɗan uwansa gajere, wanda ake ƙullewa ya buɗe fukafukai biyu a wuya. Faransawa suna kiransa ƙullin malam-buɗe-littafi, kuma sunan ya dace. Shi ne na liyafar dare, da masu hidima a manyan otal, da angwayen da suka zaɓi kwat ranar dina. A Najeriya da wuya a ambace shi ba a tuna Akinwumi Adesina ba, tsohon shugaban Bankin Raya Afirka, wanda ya mai da shi tambarinsa.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne, masu abin ma sun fara sassautawa. Japan ta ƙaddamar da shiri a 2005 na cire nektayi a ofisoshi lokacin zafi don rage wutar na'urar sanyaya ɗaki. A 2017 kakakin majalisar wakilan Birtaniya, John Bercow, ya ce ba dole ba ne 'yan majalisa su ɗaura shi. Jami'an Iran kuwa sun ajiye shi tun bayan juyin juya halin 1979. Mu a Bauchi muna da misali tun kafin nan: Sa Abubakar Tafawa Balewa ya tsaya gaban majalisar dokokin Amurka a 1961 cikin babbar riga da hula, kuma babu wanda ya ga kasawarsa. Don haka raina yana sosuwa idan na ga matashin ma'aikacin banki bisa acaɓa cikin zafin Afrilu, ya yi zanzaro, wuya a shaƙe, gumi ya jiƙa kwala, yana jiran Juma'a ta zo ya sa kaftani ya sha iska.

Na gama ɗaurin, na ja shi har bakinsa ya taɓa kan bel, don nan ne ma'auninsa. Ƙanena bai kwance ƙullin ba. Sassauta shi ya yi, ya zare ta kai, ya rataye a ƙusa, ya ce abokansa biyu ma da shi za su shiga bayan ya fito.