Mene ne SPF da ake rubutawa a jikin man kariyar rana?

A jikin kowace robar man kariyar rana akwai haruffa uku da lamba a gefensu: SPF 15, SPF 30, SPF 50. Wannan awo ne na yadda man ke tare UVB, wani nau'in hasken rana da ido ba ya gani. Wannan hasken ne ke ƙona fata ta yi zafi, daga baya ta riƙa saɓa.

Mai 15 kan tare kusan kashi 93 cikin ɗari na UVB, mai 30 kusan 97, mai 50 kusan 98. Ke nan tazarar da ke tsakanin 30 da 50 ba ta kai yadda masu shago ke zuzutawa ba, kuma babu man da ke tare hasken gaba ɗaya. Likitocin fata dai sun ce kada a sauko ƙasa da 30.

Inda aka fi yin asara shi ne wajen shafawa. A ɗakin gwaji ana zuba miligiram 2 a kowane murabba'in santimita na fata kafin a samu lambar nan. Mu kuwa, saboda tsadar man, ɗan lakata muke yi mu murza, sai mai 50 ya kasa yin ko aikin mai 30. Fuska da wuya kaɗai suna buƙatar layi biyu na man, ɗaya a tsawon manuniya, ɗaya a yatsan tsakiya. A shafa minti 15 kafin fita, a kuma maimaita duk bayan awa 2 muddin ana cikin rana. Gumin watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri yana wanke shi, haka ma alwala. Wanda ya shafa da safe ya yi alwalar azahar, to ya sake shafawa kafin ya koma waje.

SPF bai shafi UVA ba, wani nau'in hasken rana na daban, alhali shi ne ke shiga can cikin fata, ya kawo yamutsewa da wuri, ya kuma ƙara wa tabon ƙuraje duhu. Yana ratsa gajimare da gilashin taga. Don haka a duba ko an rubuta "broad spectrum", wato mai tare UVA da UVB duka, ko UVA a cikin da'ira kamar yadda ake yi a Turai, ko PA da alamomin tarawa irin na kayan Japan da Koriya.

Wasu na cewa baƙar fata ba ta buƙatar wannan. Gaskiya ne melanin, sinadarin da ke ba fatarmu launi, yana ba da kariya, amma bai hana duhun da ke fito wa mata a kumatu lokacin goyon ciki ƙaruwa da rana ba. Masu shafa man bilicin sun riga sun rage wannan kariyar da hannunsu. Waɗanda suka fi ba ni tausayi su ne 'yan uwanmu zabiya, domin kansar fata na cikin manyan abubuwan da ke kashe su a Afirka. A wurinsu mai 50 magani ne na kullum, tare da malfa da riga mai dogon hannu.

Man da aka haɗa da zinc oxide ko titanium dioxide ya fi sauƙi ga fata mai saurin ƙaiƙayi, sai dai yakan bar fari a baƙar fuska kamar an shafa toka, shi ya sa da yawa ke watsar da shi. Gara a nemi mai ɗan launi, ko mai ruwa-ruwa da ke bin jiki, domin man da mutum ya ji kunyar fita da shi ba zai shafa ba. A duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, kada a bar shi cikin mota a rana. Jaririn da bai kai wata 6 ba kuwa, inuwa da tufafi ake nema masa.