Me ake nufi da firi ejen a besbol, kuma ina ruwan gudu da kuɗin ɗan wasa?

Masu kallon ƙwallon Turai sun saba jin wai ɗan wasa ya tafi a kyauta saboda kwantiraginsa ya ƙare. Toh a besbol ɗin Amurka irin wannan ɗan wasan shi ake kira firi ejen, wato wanda ba shi hannun kowa, duk kulob ɗin da ya ga dama zai iya zama da shi ayi ciniki. Amma fa can sai ka cika shekara 6 kana wasa a babbar gasar MLB kafin ka samu wannan damar, kafin nan kulob ɗinka ne ke riƙe da kai ko kana so ko baka so. Da can ma babu wannan damar kwata-kwata, sai da wani ɗan wasa Curt Flood ya ƙi yarda a tura shi Philadelphia a 1969, ya je har Kotun Ƙoli ya sha kaye a 1972, sannan hukuncin da aka yanke kan wasu 'yan wasa biyu, Messersmith da McNally, a 1975 ya buɗe hanya.

Kaga kenan mutum yakan jira shekaru don wannan kasuwar, kuma ranar da ya shigo ta komai nasa ake dubawa, har halinsa.

Labarin Manny Machado ne yafi nuna min wannan. A 2018 Baltimore suka miƙa shi ga Dodgers a watan Yuli, kowa ya san ƙarshen kaka zai zama firi ejen. Ana cikin wasannin neman zuwa fainal da Milwaukee a Oktoba sai ya bugi ƙwallo ta tafi a ƙasa, maimakon ya zuba da gudu zuwa tashar farko, wato inda mai bugu zai fara kaiwa kafin a jefa ƙwallo can a fitar da shi, sai ya tafi a sanyaye kamar wanda aka aika ba da son ransa ba. Tazarar ƙafa 90 ce kacal, wajen mita 27. Su a wasan nan ko ka tabbata za a fitar da kai ana so ka yi gudun da gaske, don mai tsaro na iya yin kuskure, kuma nan ake gane mai kishin riga. Da ɗan jarida Ken Rosenthal ya tambaye shi sai yace shi fa ba irin ɗan wasan nan bane mai fafara gudu har da faɗawa ƙasa. Kwana kaɗan kuma ya bugi ƙafar Jesús Aguilar ɗan wasan Milwaukee a tashar farko, aka ci shi tara, Christian Yelich, shi ma na Milwaukee, ya fito ya kira shi mai mugun wasa.

Maganar nan ta bi shi duk lokacin hunturu. Hal Steinbrenner mai kulob ɗin Yankees da kansa yace kalaman sun dame shi, kuma Yankees ɗin basu ɗauke shi ba. Ni dai gaskiya abin ya ban haushi lokacin, mutum ya biya tikiti ya kawo yaransa su ganka kana jan ƙafa, bai dace ba sam. Amma kiransa malalaci ma zalunci ne, mutumin da aka yiwa aiki a gwiwoyinsa biyu, kuma a shekarar ya buga wasanni 162, ya buga ƙwallo ta tsallake katangar fili sau 37, irin bugun da ke kawo maki kai tsaye.

Abinda mummunan suna keyi shine rage masu taya, ciniki ya ja lokaci, har aka shiga Fabrairun 2019 bashi da kulob. Sai dai shekarunsa 26 ne kawai, kuma mai saye ɗaya ya isa. San Diego Padres suka bashi shekara 10 akan dala miliyan 300, sannan a 2023 suka sake ɗaure shi da sabon kwantiragi na shekara 11, dala miliyan 350.